Kumbon Kwali: Dalilin Da Ya Sa Muke Son Yaranmu Su Zolayi Finafinan Sama Jannati Da Hausa



Kwamitin yara da tarbiyya ya kawo shawarar cewa daga azumin bana mu riƙa ware wa yaranmu lokaci suna shirya gajerun wasannin barkwanci da harshen Hausa, inda za su kwaikwayi shirye-shiryen sama jannati da baƙin halittu da suke kallo a talabijin da wayoyinmu. Shawarar ta raba kan iyaye. Wasu sun yi na'am da ita nan take, wasu sun ce shiririta ce, wasu kuma sun kawo damuwa mai nauyi da ta shafi tarbiyya da aƙida. Mu a ofishin sakatare muna goyon bayan shawarar, kuma mun ga ya dace mu shimfiɗa dalilanmu a nan, inda kowa zai karanta a tsanake kafin taronmu na wata mai zuwa.

Bari mu fara da abin da kowannenmu yake gani a gidansa. Ko kana Kubwa, ko Lugbe, ko Gwarinpa, ko Nyanya, ko Dei-Dei, idan yara suka dawo daga makaranta abu ɗaya suke nufa, wato allon talabijin ko wayar mahaifiyarsu. Yawancin abin da suke kallo labarai ne na kumbo da ke yawo tsakanin taurari, da mutum-mutumi mai magana, da jarumai masu tashi sama. Duk da Turanci ake yi. A makaranta Turanci, a unguwa Turanci ko Burokin, a talabijin Turanci. Hausa ta koma harshen aike da faɗa: tafi ka sayo burodi, kashe wannan abin, tashi ka yi salla. Da yawa daga cikin yaranmu suna jin Hausa sarai, amma ku lura da kyau, idan za su ba wa juna dariya ba da ita suke yi ba. Wannan shi ne abin da ya fi damun mu. Yaro yana iya riƙe harshen da ake yi masa faɗa da shi har ya girma, amma harshen da yake raha da shi ne yake so, kuma shi zai koya wa nasa 'ya'yan.

Kafin mu zo kan namu, ya kamata a san cewa zolayar irin waɗannan shirye-shirye tsohuwar sana'a ce a ƙasashen da suka ƙirƙiro su. A Ingila, gidan talabijin na BBC ya fara nuna wani shiri mai suna Doctor Who a shekarar 1963, labarin wani baƙo da ke yawo cikin zamani da sararin samaniya a wani shuɗin akwati irin na kiran 'yan sanda. Wannan shiri ba baƙo ba ne a Arewa. A shekarar 2013 aka ba da sanarwar gano kashi tara na shirin, waɗanda aka yi a 1967 da 1968 kuma suka ɓace wa BBC ita kanta, ajiye a ɗakin kaya na wata tashar talabijin a Jos. Wato tun zamanin iyayenmu irin waɗannan labarai suke shigowa ƙasar nan.

Manyan mugaye a cikin wannan shiri wasu halittu ne da ake kira Dalek. Siffarsu kamar an kife babbar garwa an sa mata taya, ga murya mai karkarwa, ba su da aiki sai barazanar hallaka kowa. Yaran Ingila sun ji tsoron su ƙwarai, har ya zama abin faɗa cewa ana kallon shirin ne a ɓoye a bayan kujera. Sai masu barkwanci suka lura da abu ɗaya: halittar da ke tafiya a kan taya ba za ta iya hawa matakalar bene ba. To wane irin mai mamaye duniya ne wannan da za ka tsere masa ta hanyar hawa bene? Zolayar ta bazu, shirye-shiryen yara irin su Crackerjack na BBC suka riƙa kwaikwayon Doctor Who suna ba da dariya, har sai da masu shirin da kansu suka mayar da martani a 1988, suka nuna Dalek yana tashi sama yana bin matakala. Yaron da ya taɓa yi wa dodon nan dariya, da wuya ya sake kwana yana mafarkinsa.

A Amurka ma haka abin ya kasance. Shirin Star Trek ya fara a 1966, da kumbonsa mai suna Enterprise, da kyaftin mai cika baki, da mataimakinsa mai tsinin kunne wanda ba ya dariya. Shirin 'yan tsana na Jim Henson, The Muppet Show, wanda ya gudana daga 1976 zuwa 1981, ya ware wani sashe na musamman yana zolayar irin waɗannan tafiye-tafiye, inda kyaftin yake da girman kai amma bai san komai ba, kuma kullum ƙaramar matsala ce take gagarar su. Shi kuwa Sesame Street, shirin koyar da ƙananan yara da ya fara a 1969, ya gayyato mutum-mutumin nan biyu na fim ɗin Star Wars a 1980. A 2014 kuma ya yi nasa kwaikwayon fim ɗin, inda ɗan tsanar nan mai kwaɗayin biskit ya zama matuƙin kumbo, abokin tafiyarsa kuma biskit ne, duk wasan ya koma kan yadda zai danne zuciyarsa kada ya cinye abokinsa. Yara suna dariya, ana koya musu haƙuri da kame kai.

Idan muka duba waɗannan misalai za mu ga yadda aikin yake. Shirin asali yana zuwa da girma da kwarjini: kiɗa mai firgitarwa, injuna masu walƙiya, jarumin da ba ya kuskure. Mai zolaya sai ya ɗauki wannan girman ya haɗa shi da ƙaramin abu na yau da kullum, kamar matakalar bene ko kwaɗayin biskit. A nan dariya take fitowa. Amma kafin yaro ya iya yin haka, dole ya kalli shirin da idon basira, ya gane yadda kyaftin yake magana, ya gane inda labarin ya yi ƙarya, ya gane abin da ake maimaitawa a kowane kashi. Ya tashi daga mai haɗiye duk abin da aka zuba masa, ya koma mai tantancewa. A wannan zamani da hoton ƙarya da bidiyon ƙarya suka cika wayoyi, ba ƙaramin makami ba ne yaro ya san cewa abin da ke kan allo mutane ne suka zauna suka haɗa shi.

Yanzu mu dawo gida. Babu wanda zai koya wa Bahaushe wannan sana'a, domin muna da tashe. Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina ko Sakkwato ya san cewa idan azumi ya kai kwana goma, yara sukan fito bayan shan ruwa su bi gida gida. Wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya ƙulle-ƙullen saiwoyi ya zama Jatau mai magani, 'yan mata su sa babbar riga da hula su kwaikwayi maigida da uwargida. A Kano har sarauta ake da ita ta Nalako, mai jagorantar tashen gwauraye. Me yara suke yi a tashe in ba ɗaukar manyan abubuwan duniyarsu suna mayar da su abin dariya ba? Boka, mai kuɗi, malami, miji mai rowa, duk wanda yaro yake gani da kwarjini da rana, da dare sai ya sa kayansa ya nuna wa gari inda ya gaza. Manya kuma su yi dariya su ba da sadaka, wani ma ya gyara halinsa.

Da talabijin ta zo, wannan gado bai ɓata ba. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, tsohon soja ne da ya ɗauki rayuwar bariki da gauraye Hausa da Turanci irin na sojoji ya mayar da su abin raha, a zamanin da kakin soja yake sa gaban mutum ya faɗi. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya shahara wajen ɗauko duk wani abu da ya yi tashe a duniya ya sa masa hula da ɗan ciki, kamar yadda ya yi a Ibro Awilo, inda ya kwaikwayi mawaƙin nan na ƙasar Kongo. Ko tafiya sararin samaniyar ma ba sabon labari ba ne a adabinmu. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka duniyar wata, Umaru Dembo ya fitar da littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro mai suna Kilba da aka yi yawo da shi a sararin sama. Fiye da shekara hamsin ke nan da Bahaushe ya tura yaro sama a cikin littafi.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce waɗannan abubuwa ba su haɗu wuri ɗaya don yara ba. Ibro da Samanja manya suka yi wa wasa, yara sun kalla ne a gefen iyayensu. Shirye-shiryen yara da muka sani a ƙasar nan kuma, irin su Tales by Moonlight da NTA ta fara a 1984, da Sesame Square da ya fara a 2011 da ɗan tsanar nan Zobi mai son doya, da Bino and Fino wanda Adamu Waziri ya ƙirƙiro a nan Abuja, duk aikin kirki ne, amma da Turanci muka san su. Shi kuwa tashe, a nan Abuja kusan babu shi. Wa zai bar ɗansa ya bi gida gida da dare a rukunin gidajen da ke da ƙofa da maigadi, inda maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba? Ko a Kano ma, a shekarun baya-bayan nan 'yan sanda sun sha dakatar da tashe saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi. Yaranmu sun tashi da kumbo a idonsu, ba su da dandalin da za su zolaye shi da harshen gidansu.

Wannan ne ya sa kwamitin ya yi ɗan gwaji a hutun da ya wuce, da yara goma sha biyu da iyayensu suka amince, a farfajiyar gidan ɗaya daga cikin dattawanmu. Ba a rubuta musu komai ba. An ba su kwalaye, da tsofaffin murafan tukunya, da rariya, da bokiti, aka ce sharaɗi ɗaya ne, komai da Hausa. A ranar farko abin ya yi tsauri, sai su fara da Hausa su zarce da Turanci, a dawo da su. A rana ta uku sai ga abin mamaki.

Sun haɗa kumbo da kwalin firiji. Kyaftin ya kifa rariya a kai, ya murtuke fuska kamar na talabijin. Amma kumbon yana da kwandasta, wanda ya maƙale a ƙofa yana ƙwala kira: "Duniyar wata! Duniyar wata! Saura mutum ɗaya, a riƙe canji!" Suna cikin tafiya sai aka ɗauke wuta a cikin kumbo, kyaftin ya umarci injiniya ya tayar da janareto, injiniya ya ce babu mai, sai suka bi layi a gidan mai da ke kusa da wata tauraruwa. Da suka sauka a duniyar Mars, suna shirin kafa tuta a matsayin mutanen farko da suka taka wurin, sai suka tarar da mai shayi ya riga ya kafa teburinsa, har yana tambayar su ko da madara za a haɗa.

Wanda ya fi kashe mu da dariya shi ne na baƙin halittu. Wani yaro ya sa bokiti a kai ya fito da muryar inji yana cewa ya zo ya mamaye duniya. Sai wata yarinya 'yar shekara tara, wadda ta ɗaura zani ta zama tsohuwa, ta tare shi ta ce, "Ɗan nan, ba a koya maka gaisuwa ba ne a garinku?" Ta sa shi ya durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, yaya hanya, yaya ka baro mutan gida, yaya mahaifiyarka, yaya sanyin can sama. Kafin a gama gaisuwa batirinsa ya ƙare, duniya ta tsira. Mahaifiyar yarinyar nan ta shaida mana cewa a gida sai an yi da gaske take gaida kakarta da Hausa a waya. Ashe duk jerin gaisuwar yana kanta, wurin amfani da shi ne ba ta samu ba.

Yanzu ga damuwar da iyaye suka kawo, kuma ba mu ɗauki ko ɗaya da wasa ba.

Ta farko, lokaci. Wasu sun ce yaro yana da boko, yana da Islamiyya, yana da jarrabawa, ina lokacin wasan kwali? Gaskiya ne. Shi ya sa shawarar ba ta taɓa lokacin karatu ko na tahfiz ba. Awa biyu ne ranar Asabar da yamma, kuma daga cikin lokacin da yaran suke kashewa a gaban allo za a cire su. Yaron da ke yanka kwali yana gardama da abokinsa kan yadda ake cewa kaza da Hausa, ya fi wanda ke kwance da waya a hannu.

Ta biyu, aƙida. Ɗaya daga cikin malamanmu ya tambaya ko ba za mu ƙara cusa wa yara yarda da halittun da babu su ba, da jarumai masu ikon da ba na ɗan Adam ba. Tambaya ce mai kyau. Amsarmu ita ce yaran sun riga sun ga waɗannan abubuwa, ko mun so ko mun ƙi, kuma su kaɗai suke kallo ba mai yi musu bayani. Wanda ya sa bokiti a kansa ya zama baƙon halitta, ya san daga ranar cewa na talabijin ma wani ne ya sa nasa bokitin, sai dai nasa ya fi tsada. Gizo da Ƙoƙi da Dodo ba su taɓa raunana imanin kowa ba, domin tun daga buɗe tatsuniya har rufe ta ana sanar da yaro cewa ƙirƙira ce. Duk da haka mun roƙi malam ya zauna cikin kwamitin ya riƙa duba kowane wasa kafin a nuna, kuma ya amince.

Ta uku ita ce mafi nauyi a wurinmu, wato cin mutunci. Kowa ya san cewa a cikin tsofaffin wasannin tashe akwai waɗanda ake zolayar wasu ƙabilu, har da Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari. A can gida ana ɗaukar haka wasa. A nan kuwa a ƙasarsu muke zaune, su ne maƙwabtanmu a Karu da Garki da Bwari, 'ya'yansu ajinsu ɗaya da namu. Saboda haka mun gindaya ƙa'ida: ba zolayar ƙabila, ba zolayar addini, ba zolayar mai naƙasa, ba kwaikwayon wani mutum na unguwa da za a gane shi. A nan ma labarin sama jannati ya yi mana rana, domin mutumin duniyar Mars ba shi da dangi a Abuja da za su ji haushi. Yaro zai iya sauke duk barkwancinsa a kansa ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba, kuma kamar yadda muka gani, a ƙarshe kanmu dariyar take dawowa: layin mai, ɗauke wuta, rashin canji.

Akwai kuma wanda ya ce yana tsoron kada zolaya ta sa yara su raina kimiyya. Mu muna ganin akasin haka. Bayan wasan nan, tambayoyin da yaran suka yi ta yi su ne me ya sa babu iska a duniyar wata, kwana nawa ake yi kafin a kai Mars, kuma da me kumbo yake tashi. Da yawansu ba su san cewa a kan hanyar filin jirgin sama, a Lugbe, akwai hedikwatar hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999 ba. Ba su san cewa Najeriya ta harba tauraron ɗan Adam nata na farko, NigeriaSat-1, daga ƙasar Rasha a 2003 ba. Mae Jemison, baƙar fata mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta sha faɗin cewa ganin wata baƙar fata a cikin ma'aikatan kumbon Star Trek tun tana yarinya ya ƙarfafa mata gwiwa. Yaro yana fara kusantar abu ne ta hanyar wasa da shi. Idan ya saba jin kyaftin na kumbo yana ba da umarni da Hausa, ko da kuwa rariya ce a kansa, ba zai taso da tunanin cewa sama ta masu jin Turanci ce kaɗai ba.

Abin da muke nema daga gare ku ba kuɗi ba ne. Muna neman kwalaye da tsofaffin kayan kicin da ba a amfani da su. Muna neman iyaye mata biyu da maza biyu da za su riƙa zama da yaran a kowace Asabar. Muna roƙon iyayenmu tsofaffi, musamman waɗanda suka yi tashe da ƙuruciya, su zo su nuna wa jikokinsu yadda ake manna gemu da yadda ake tafiyar tsoho, domin wannan ilimi ba ya cikin waya. Matasanmu masu iya ɗaukar bidiyo su ma muna buƙatar su, da sharaɗin cewa ba za a ɗora fuskar kowane yaro a wannan shafi ko wani wuri ba sai da izinin iyayensa a rubuce. Idan abin ya kankama, muna da niyyar rubuta wa gidajen talabijin masu shirye-shiryen Hausa wasiƙa, mu nuna musu cewa akwai yara masu jiran irin wannan shiri.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda yake da ƙorafi ko gyara, ya rubuta a ƙasa ko ya same mu kafin taro, za a karanta kowane ra'ayi a gaban jama'a kafin a yanke shawara. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa su fi mu ilimi da ladabi, Ya kai mu watan azumi lafiya. Amin.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin yara da tarbiyya.